Tef mai kala uku

Kwanakin baya na raka wata 'yar'uwata ta kai ɗanta asibiti, muna zaune a benci ina kallon wata nas tana zagaya wani siririn tef a damtsen yara. Kala uku gare shi, kore, rawaya, ja. Yaron da ke gabanmu da aka sa masa sai ya tsaya a ja, wato bai ma kai santimita 11.5 ba, nas ɗin ta ce tamowa ce mai tsanani. Uwar ko uffan ba ta ce ba, shafa kansa kawai take yi, gashin ya yi ja-ja duk ya zube. Wallahi har na koma gida abin na raina.

Abin da ke ban haushi, mun maida maganar yunwa ta sadaka, mai hali ya taimaka in ya ga dama. Alhali tun 1948 sashe na 25 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa abinci cikin haƙƙi, wata yarjejeniyar Majalisar ta 1966 kuma ta ce kowa na da haƙƙin kuɓuta daga yunwa, duk gwamnatin da ta amince nauyin na wuyanta. Haƙƙi kuwa bin sa ake yi kamar bashi.

Kuma fa ba wai abincin ne babu ba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta a 2011 kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya asararsa ake yi, amma a 2023 mutum wajen miliyan 733 suna fama da yunwa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi nazarin yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943 ya nuna abinci yana nan, farashi ne ya yi tashin gwauron zabi ladan lebura bai motsa ba, haka miliyoyi suka mutu. Ga yaƙi, har sai da Kwamitin Sulhu ya yi tir da maida yunwa makami a 2018.

A 2015 ƙasashen duniya suka yi alkawarin gamawa da yunwa kafin 2030, ni dai ban ga alama ba, Allah Ya sa ni ne ban gani da kyau ba.

Nas ɗin ta ƙirgo wa uwar ƙananan ledojin abincin magani, ta ce, "Baiwar Allah, nashi ne shi kaɗai fa, kar a raba da yayyensa." Uwar ta ɗago a hankali ta ce su huɗu ne a gida.