Riƙon yaro a Ingila: kada kunya ta hana ku kiran jami'ar da aka haɗa ku da ita

Ƙannena, musamman ku da kuke zaune a Ingila kuma kuke tunanin karɓar riƙon yara ta hannun hukuma, ina so in gaya muku kurakuran da na tafka a shekarata ta farko, domin kusan dukkansu tushensu ɗaya ne, wato rashin fahimtar aikin mutanen da aka tanada domin su dafa mini.

Na tashi a gidan da riƙo ba baƙon abu ba ne. Gwaggona ta riƙe ni shekara huɗu, kuma ban taɓa ganin wani ya shigo da takarda yana tambayarta yadda take tarbiyyata ba; idan abu ya gagara, kaka ake kira ko kawu, a kashe maganar a cikin gida. Da wannan tunani na karɓi jami'ar walwalar jama'a da ta yi kusan wata shida tana zuwa gidanmu tana haɗa rahoton da ake kira Form F, wanda kwamiti ke dubawa kafin a amince da mutum. An binciki ko muna da tarihin aikata laifi, likita ya duba lafiyarmu, an ziyarci waɗanda muka bayar su yi mana shaida, ita kuma ta riƙa tambayata yadda aka hore ni ina ƙarama da yadda nake sasantawa da maigida idan mun saɓa. Na ɗauki wannan a matsayin tonon asiri, saboda haka na ɓoye mata cewa da bulala aka raine ni. Doka ta haramta wa mai riƙo dukan yaron da aka damƙa masa, kuma ban taɓa dukan ba, amma ranar da yaro ya fara yi mini taurin kai sai na tarar ba ni da wata dabara a hannuna, alhali da na faɗi gaskiya tun farko, da a kan wannan gaɓar aka fi ba ni horo.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na biyu. Da zarar an amince da ku, jami'ai biyu ne za su riƙa shigowa gidanku, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Akwai jami'in yaro, wanda ke wakiltar ƙaramar hukumar da yaron ke hannunta, yana zuwa a makon farko, sa'an nan aƙalla duk mako shida a shekarar farko. Akwai kuma jami'ar da aka haɗa ku da ita ku masu riƙo, wadda ke ziyartarku kusan kowane wata, ta shirya muku horo, ta saurari damuwarku, ta tsaya muku a taro, kodayake aƙalla sau ɗaya a shekara za ta zo ba tare da sanarwa ba. Ni kuwa dukkansu masu bincike na ɗauke su. Duk ranar ziyara sai in share gida, in kunna turaren wuta, in kawo shayi, idan ta ce yaya yaro sai in ce lafiya lau.

Ba lafiya lau ba ne. Yaron, mai shekara tara a lokacin, yana fitsarin kwance, yana ɓoye burodi a ƙarƙashin katifa har ya yi fumfuna, yana farkawa tsakar dare da ihu. Lambar wayar da ake kira bayan an tashi daga aiki tana manne a jikin firij, kuma akwai mai ɗauka ko ƙarfe nawa ne, amma wata uku ban taɓa ta ba, domin ina tsoron a ce na gaza a ɗauke shi. Malamarsa ce ta tayar da maganar gajiyarsa a taron bitar halin da yake ciki, wanda jami'i mai zaman kansa ke shugabanta, ana yin na farko cikin kwanakin aiki 20, na biyu cikin wata uku bayansa, daga nan duk wata shida. A wurin na fashe da kuka na faɗi komai. Jami'armu ba ta ɗaga murya ba. Ta bayyana mini cewa ɓoye abinci abu ne da aka saba gani ga yaran da suka san yunwa, ta ce in ajiye masa ƙaramin akwati na abin taɓawa a ɗakinsa wanda ba mai taɓa masa, ta kuma haɗa mu da ma'aikaciyar jinyar da ke kula da yaran da ke hannun hukuma. Cikin 'yan makonni barcinsa ya fara daidaita. Har yau idan na tuna cewa kunyata ce ta jawo masa wata uku na wahalar da ke da magani, sai zuciyata ta yi nauyi.

Haka kuma na yi sakaci da littafin da aka ce in riƙa rubuta abin da ya faru kowace rana, ina ganin wahalar banza ce, sai da ya faɗi a keke ya yi tabo a hannu, mahaifiyarsa ta gani a ranar ganawarsu ta yi tambaya, ni kuma ba ni da rubutu ko layi ɗaya. An warware maganar, amma daga nan na gane cewa littafin kariya ne gare ni da shi. Ku sani kuma, idan aka zargi mai riƙo yana da haƙƙin samun mai tallafa masa wanda ba ma'aikacin hukumar ba, kuma hukumomi da yawa suna biya wa masu riƙonsu kuɗin zama mamba a ƙungiya irin su The Fostering Network, inda ake samun shawarar shari'a. Ku nemi a fayyace muku a rubuce, tun ranar da aka kawo yaro, abin da za ku iya yanke hukunci a kai da kanku, domin ko aski da na kai shi ba tare da tambaya ba ya ɓata wa mahaifiyarsa rai, balle tafiya da shi Najeriya hutu, wadda sai da izini.

Wani abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne riƙo irin na gida. Idan kuka karɓi yaron da bai kai shekara 16 ba na tsawon kwana 28 ko fiye, kuma ku ba kakanninsa ba ne, ko yayyensa, ko ƙannen iyayensa da yayyensu, ko mijin uwarsa ko matar ubansa, wajibi ne ku sanar da ƙaramar hukuma, ko da ɗan aminiyarku ne. An tsaurara sa ido a kan yaran da ke hannun waɗanda ba iyayensu ba bayan rasuwar Victoria Climbié, yarinya 'yar Kwaddibuwa da ta mutu a Landan a shekarar 2000 a hannun 'yar uwar da aka ba riƙonta.

Hutun da ake ba masu riƙo, inda wani gida da aka amince da shi ke karɓar yaro na kwana biyu ko uku, shi ma na daɗe ina ƙin sa, ina cewa uwa ba ta gajiya da ɗa. Jami'armu ce ta lura na rame ta matsa mini, ta shirya ya fara zuwa gidan da rana sau biyu kafin ya kwana. Daren da ya dawo ya sake farkawa da ihu wajen ƙarfe biyu, na ɗauki waya na kira lambar da ke jikin firij, wadda ta ɗauka kuma ta zauna da ni a kan layi har ya koma barci.