Launi da ƙanshi suka sa na sayi farafin da kuɗin kakin zuma

Har yau in na ɗaga ido na ga katan ɗin nan a saman kabad sai raina ya ɓaci. Kyandir 48 ne a ciki, launin ruwan ɗorawa, kana buɗewa ƙanshin zuma zai daki hancinka, ga hoton ƙudan zuma a jikin takardar. Kusan ninki huɗu na kuɗin farin kyandir na kanti na biya, don in huta da baƙin hayaƙin da ke kama silin da labule duk daren da aka ɗauke wuta, balle akwai mai asma a gidan. Ashe farafin ne zalla, wanda ake samu wajen tace ɗanyen mai, aka rina shi aka ɗiga masa turare. Launi da ƙanshi na bi, kuma babu abin da ya fi su sauƙin yi wa jabu. Abin haushin ma, akwai kakin zuma na gaske fari tas, wanda aka tace aka cire masa launi, ƙanshinsa kuma kaɗan ne. Da shi aka miƙo min a ranar, da na ce ba shi ba ne.

Abin da ya kamata in fara yi, ban yi ba sai da kuɗi suka tafi, shi ne samun kakin da na tabbatar da asalinsa don kwatance. Na karɓi saƙar da aka matse a wajen mai zuma, na ƙulle ta a tsumma mai tsabta, na danna cikin ruwan zafi a tukunyar silba. Kakin zuma yana narkewa tsakanin digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Celsius, saboda haka ba sai ruwan ya tafasa ba. In zafin ya haura 85 launinsa zai dafe, haka ma in tukunyar baƙin ƙarfe ce. Kakin zai tsiyayo ta tsumman ya taso sama, in ya kwana ya huce sai ka ɗaga shi kamar faifai, ka kankare dattin da ke ƙasansa. Guntu kamar kwalin ashana ya ishe ka gwaji na shekara.

Daga nan sai wuƙa. Ka kankari gindin kyandirin a hankali. Kakin zuma yana fitowa a nannaɗe, yana ɗan riƙe bakin wuƙar, farafin kuwa ɓarɓashi yake yi, wuƙar tana zamewa a kansa. Ka murza abin da ka kankaro tsakanin yatsu kamar minti ɗaya: na zuma zai yi laushi ya miƙe ya ɗan yi danƙo, har ka iya mulmula shi, farafin zai farfashe, ya bar maka santsi da sheƙi a yatsa. In ka karya shi biyu, cikin na zuma dususu ne mai ƙananan ƙwayoyi, gefen farafin kuwa haske yana ratsa shi in ka ɗaga shi ga taga. Alli yana kama jikin kakin zuma ya yi rubutu, a kan farafin sai dai ya zame. Da hunturu kakin zuma da ya daɗe a ajiye yakan yi wani fari-fari kamar ƙura, kana shafawa da yatsa ya ɓace. Wannan alama ce mai kyau, kada ka ɗauka lalacewa ya yi. Na katan ɗina duk sun faɗi waɗannan gwaje-gwajen cikin minti biyar. Minti biyar da wuƙar aljihu, a gaban mai kayan, da ban kai ga biya ba.

Wani ya ce min in jefa a ruwa, wai na gaske zai nutse. Ɓata lokaci ne, duka biyun tasowa suke yi. Nauyin kakin zuma kusan 0.96 ne in aka ɗauki na ruwa a matsayin 1, na farafin kuma wajen 0.90, kenan duk ruwa ya fi su nauyi. Amma wannan ɗan bambancin shi ne gwajin da na fi amincewa da shi, in dai an rage wa ruwan nauyi da sifirit ɗin kemis. Ka zuba sifirit rabin kofin gilashi, nesa da wuta don yana kamawa. Ka jefa guntun kakinka na kwatance da guntun farin kyandir na kanti, kowanne kamar ƙwayar wake. In sifirit ɗin mai ƙarfi ne duk za su nutse. Sai ka riƙa ƙara ruwa ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya kana juyawa, har farafin ya taso ya bar na zuma kwance a ƙasa. A nan za ka tsaya. Da sifirit mai ƙarfi, wajen rabin sifirit rabin ruwa ake kaiwa. Yanzu jefa guntun wanda kake tuhuma. Nawa ko jinkiri bai yi ba, ya hau sama ya jeru da farafin. Wanda aka gauraya yakan yi ta lilo a tsakiya ko ya taso a hankali. Ka kula da kumfar iska: in guntun yana da rami ko kumfa ta maƙale masa zai taso ko da na gaske ne, don haka ka mulmule shi sumul, ka girgiza kofin kafin ka yanke hukunci.

Wannan gwajin na kakin zuma ne kawai. Kakin waken soya nauyinsa ya yi kusa da na farafin, shi ma tasowa zai yi. Shi ana gane shi da laushi: farce yana shiga cikinsa, launinsa kamar madara, haske ba ya ratsa shi, yana narkewa da ɗan zafi, shi ya sa kusan kullum a gwangwani ko gilashi ake zuba shi. In ka ga dogon siririn kyandir mai tauri, ya tsaya ƙyam a zafin watan Afrilu, an rubuta soya ɗari bisa ɗari, ka yi shakka. In kuwa an rubuta gauraye ne ba a faɗi kashi nawa ba, ɗauka farafin ne ya fi yawa. Kakin kwakwar manja yana da tauri, jikinsa da zane-zane kamar gashin tsuntsu ko ƙanƙara.

Abin da ya fi ba ni mamaki ya zo bayan na samu na zuma na gaske. Na kunna, na riƙe farin faranti kamar taƙi ɗaya sama da harshen wutar na minti ɗaya, sai ga baƙi. Raina ya tashi, na ce an sake cuta ta. Lagwanin ne, ya kusa santimita biyu, ga fanka mai caji tana kaɗa wutar. Na datse shi da almakashi ya koma kamar milimita 6, na kawar da fankar, harshen ya tsaya cak, faranti ya fito tas. Na yi wa ɗaya daga cikin na katan haka, shi ma hayaƙinsa ya ragu ƙwarai, sai dai turaren nan nasa yana cika ɗaki yana shaƙe mutum. Dogon lagwani yana jawo kakin da ya fi ƙarfin wutar, iska kuma tana hana shi ƙonewa duka, ragowar shi ne baƙin da ke hawa silin. Kowane kaki yana yin haka. Yanzu kafin kowace kunnawa sai na datse, in kan lagwanin ya yi dunƙule baƙi in cire, ba na barin kyandir ya wuce awa huɗu, taga kuma a ɗan buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugun wutar.

Hayaƙi mafi yawa lokacin kashewa yake fita, in an hura. Ka sa tsinken ashana ka tura lagwanin cikin narkakken kakin ka ɗago shi, wutar za ta mutu ba wannan farin hayaƙin mai ɗaci. Ka kuma buɗe zaren lagwanin sabon kyandir, musamman na cikin gilashi. In akwai siririyar waya a tsakiya, goga ta a farar takarda. In ta bar zane kamar na fensir, dalma ce, kada ka kunna shi a ɗaki. Amurka ta haramta irin wannan lagwanin tun 2003, amma kayan da ba su da sunan kamfani ba ka san inda suka fito ba.

Na katan ɗin a tsakar gida nake kunna su yanzu, lokacin cin tuwon dare, inda iska ke kwashe turaren. Saura 31.