Ina ya kamata rubutunka ya kwana: a gida ko a sabar kamfani?

Mai neman manhajar ajiye rubutu a Yamai, ya fara da tambaya guda: in rezo ya ɗauke, rubutuna zai buɗu? Google Keep kyauta ne, kuma a salula yana aiki ko babu intanet. Evernote kuwa tun Disamban 2023 ya taƙaita na kyauta ga rubutu 50 kacal, sauran sai da katin banki mai biya ƙasashen waje, abin da ba kowa ke da shi ba.

Kafa saba a gida, wato kwamfutar da ke riƙe maka bayananka, na da daɗin ji, amma ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Yawanci Raspberry Pi 4, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ake saye a ɗora masa Nextcloud, manhajar ajiye fayiloli. Cin wutarsa kaɗan ne, volt 5 da ampiya 3. Matsalar tana wurin ɗan katin ajiyarsa: wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, katin ya lalace, na'urar ta ƙi tashi. Don haka a haɗa masa batirin da ke riƙe wuta, a kuma mayar da tsarin kan faifan ajiya na SSD. Ga zafin Afrilu da Mayu. In zafin na'urar ya kai maki 80 sai ta rage gudu da kanta, dole a sa mata fanka. Sannan layukan salula galibi ba su ba ka adireshin intanet naka kai kaɗai, kana ofis ba za ka iske sabar gidanka ba sai ka bi ta wani abu kamar Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka daga nesa.

A ganina mafi yawanmu ba mu buƙatar wannan ɗawainiya. Manhajar rubutu ta Obsidian na ajiye kowane rubutu a matsayin fayil ɗin Markdown, wato rubutu zalla, cikin na'urarka. Ka sa Syncthing, manhajar daidaita fayiloli tsakanin na'urori, a kwamfuta, Syncthing-Fork a Android, su riƙa daidaita juna ta Wi-Fi ɗin gida ba tare da cin data ba. Mai son Joplin, wata manhajar rubutu, ya haɗa shi da Dropbox, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, ya kunna kulle sirri tun ranar farko, ya rubuta kalmar sirrin a takarda, domin in ta ɓata ba mai buɗe masa.

A kula: abin da ka goge a salula, zai gogu a kwamfuta ma. Kunna ajiyar tsofaffin kwafi a Syncthing, kuma duk Juma'a ka kwashe komai zuwa wani faifai dabam da ba ya jone da kwamfutar.