Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kowa Ya Ci Zomo

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauko ni daga gidan Kaka ya kawo ni birni, wai in riƙa taya shi tsaron gidan bidiyo. Bayan fitar wancan kashin Inna Ƙarama ta aiko a ce mini in bar tone-tone, wanda ya mutu ya mutu. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Amma autansa yana nan da ransa, yana yawo yana gaya wa mutane cewa shi ya fara yi wa 'yan kallo bayanin fim a unguwarmu, alhali a lokacin ko tazugen wandonsa bai iya ɗaurewa ba. Don haka zan faɗi yadda aka yi.

Gidan bidiyon nan zaure ne kawai aka toshe tagoginsa da buhu, aka jera bencina, aka ɗora talabijin a kan durom. Da yamma Indiya, bayan isha'i Canis. Can dare, idan yara sun watse, sai Kawu ya fito da kaset-kaset ɗin da yake kwasowa da araha a Sabon Gari, waɗanda aka kwafa aka sake kwafa har fuskar Bature ta koma kore. A cikinsu ne na saba da finafinan farautar mutane. Turancina na firamare ne, ba ya kama maganar Amurkawa. Abin da ya cece ni shi ne duk hanyarsu ɗaya ce, wanda ya kalli uku ya kalli ɗari.

Kullum jirgin ruwa ne zai fashe, ko direbansa ya sha ya bugu. Mutane su tsinci kansu a tsibiri, su hango gida ƙato a tsakiyar kurmi. Mai buɗe ƙofa bebe ne, ƙato, ba ya murmushi. Sai maigida ya sauko daga bene cikin kwat, da fara'a, ya sa a kawo abinci. Ina ganin an jera cokula sai in miƙe in ce, jama'a ga bos nan, ku dubi bangonsa. Kawunan ɓauna da damisa ne reras. A wajen cin abincin zai yi dogon jawabi, ni kuwa ko ban ji kalma ɗaya ba na san abin da yake cewa: ya harbi duk naman da ke duniya, ya gundura, yanzu dabba mai tunani yake so. Akwai ɗaki ɗaya a ƙasa da ake kullewa, kuma dole yarinyar fim ta leƙa shi da kyandir. Akwai mashayi ko sarkin surutu a cikin baƙin, shi ake fara kashewa tun kafin a kai rabi. Daga nan sai sharaɗi: ga wuƙa, an ba ka rata, in ka kai wayewar gari da ranka ka tsira.

Nakan faɗi abu kafin ya faru, ya kuma faru. Har daga wasu unguwanni samari ke zuwa don su ji bakina. Kawu ya ƙara kuɗin shiga na dare. Ni ko sisi.

Akwai ranar da Kaka ya zo birni ganin likitan ido ya kwana a wurinmu. Kun dai san Kaka, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawu a gefen dajin Falgore, gorarsa ma har yau tana ɗakin Baffa. Na lallaɓa shi ya zauna a bencin gaba. Ya yi shiru har bos ya fito farauta da fararen kaya, taba a baki, yaransa na riƙe masa da karnuka, yana tafe yana ɗaga murya. Kaka ya juyo ya ce, “Kai ɗan nan, wannan ko iska bai duba ba. Yana tafe iska na bayansa, ai ko gada ta ji warinsa tun daga tsallaken rafi.” Da aka nuno shi ya koma gida ya zauna yana kaɗa fiyano alhali naman nasa na daji, sai Kaka ya tofar ya ce, “Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wannan bai yi gudu ba, ƙoshi ke damunsa.” Abu ɗaya ya yaba, ramin da akta ya haƙa ya rufe da ganye. Ya ce wanda ake bin shi ne maharbin, kuma za a gani. Haka aka gani kuwa.

Kawu yana tsaye a bakin ƙofa yana karɓar kuɗi, ya ji maganar, ya riƙe ta. Duk ranar da na ce, “Kawu, takalmina ya tsinke,” sai ya ce, “Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ɗana. Ci gaba da gudu tukuna.” Maganar Kaka ce ya murɗe ya mai da ita sandar dukana. Gudun kam na ci shi, daga sharar zaure zuwa jan janareto zuwa tsayuwa ina magana har muryata ta dishe. Zomon kuwa a gidan wa aka soya shi, a tambayi auta.

Bari in tsallaka gaba kafin in manta. Bayan na yi furfura ne babban ɗana ya nuna mini uban waɗannan finafinai a waya, The Most Dangerous Game na 1932, baƙi da fari, awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga gajeren labarin Richard Connell na 1924 aka ɗauko shi. Ina kallo ina dariya ni kaɗai. Ga fitilun ruwa da bos ɗin, Zaroff, ya gusar don jirage su hau dutse, ga beben bawansa Ivan, ga mashayin da aka fara kashewa, ga ɗakin kawunan mutane. Ya fara da baka, ya koma bindiga, sannan ya saki karnuka. Akta ya faɗa ruwa daga saman dutse, aka ce ya mutu, sai ga shi ya dawo. A ƙarshe Zaroff ya faɗo ta taga cikin karnukansa. Kurmin ma na tarayya ne, a cikinsa kamfanin RKO ya ɗauki fim ɗin King Kong, har 'yan wasa Fay Wray da Robert Armstrong duk suna cikin finafinan biyu. Da aka sake yin labarin a 1945 da sunan A Game of Death, har wasu hotunan tsohon aka yanko aka liƙa.

A nan na gane abin da ya sa hanyarsu ba ta sauyawa. Talauci ne. Tsibiri na nufin ba sai an ɗauki taron jama'a ba. Bebe ba a rubuta masa magana. Jawabin cin abinci yana cinye kwata guda a ɗaki ɗaya. Hazo da duhu suna rufe kurmin da bai fi filin ƙwallo ba, shi ya sa nake nuna wa 'yan kallo itace ɗaya da akta ya wuce sau uku, su yi ta ihu. Bloodlust! na 1961 haka yake, samari biyu da 'yan matansu, da kogon da aka tsayar da gawarwaki don ado. Deadly Prey na 1987 ko gidan ma ba su gina ba, daji ne kawai da sojojin haya da akta ba riga ba takalmi, sai guntun wando. Wannan kaset sai da ya tsinke a hannuna na ɗinke shi da salatif. Lokacin da Hard Target na Van Damme ya fito a 1993, da kuɗinsa da baburansa, na riga na bar wurin Kawu, an ce auta ne ya tsaya a gaban talabijin yana in-ina.

In ya musa, a tara mu a gidan Baffa ranar Sallah, a saka kowane tsohon kaset aka ga dama, a kashe murya. A tambaye shi wa za a fara kashewa.

Yadda aka yi na bar gidan, da maganar keken da Kawu ya yi mini alkawari a gaban Kaka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.