Lamba ɗaya tak ta hana ni barci a Kafka

Wallahi abin nan dare biyu ya cinye min. A wurin aikinmu Kafka, wato tsarin da ke ajiye saƙonni a layi don wasu manhajoji su ɗauka, muke amfani da ita wajen alat ɗin biyan kuɗi, ni aka damƙa wa manhajar da ke ɗebo saƙonni tana turawa wayoyin kwastomomi. Duk saƙon da ya shiga ana ba shi lamba, ofset kenan, daga 0 take farawa tana hawa, amma fa ana raba saƙonnin kashi-kashi, kowane kashi ana ce masa fatishin, kuma kowace fatishin da nata lissafin, saƙo na 40 a fatishin 0 babu ruwansa da na 40 a fatishin 2. Kuma karantawa ba ta goge saƙo, yana nan har kwana 7 in ba a taɓa saitin ba, don haka mai karatu ne zai riƙa faɗa wa Kafka inda ya tsaya, shi ne kwamit.

Da farko na bar manhajar tana yin kwamit da kanta duk sakan 5, ni kuma ina miƙa saƙonnin ga wani sashen manhajar ya tura. Ran nan sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kai, ta faɗi, an riga an rubuta cewa mun wuce wurin alhali ba a tura ba, mutane sun biya kuɗi shiru babu alat, wannan ya dame ni matuƙa don mai shago ba ya sakin kaya sai ya gani a waya.

Na kashe wancan, na koma yi da hannu bayan an gama turawa. Sai kuma ƙorafi ya juya, duk sanda na sake kunna manhajar wani zai samu alat sau biyu. Cikin dare na zauna ina bin lambobin fatishin 1 ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe da na gama 5208, na yi kwamit 5208, tana tashi ta sake ɗauko 5208 ɗin. Ashe lambar da ake ba Kafka ta saƙon da za ka karanta a gaba ce, dole ka ƙara 1.

Ko da na gyara akwai saura, in manhajar ta mutu tsakanin turawa da kwamit za ta maimaita. Yanzu ina ajiye lambar fatishin da ofset na duk saƙon da ya fita a rumbun bayananmu, kafin a tura sai an leƙa can tukuna.