Waƙar kakanka ba tsintuwa ba ce

Ranar Asabar ɗan ƙanena ya shigo gaishe ni, waya a hannu. Ko durƙuson kirki bai gama ba ya ce, "Baffa, ji wannan." Na kasa kunne, sai ga muryar mahaifina, kakansa, an kwafo ta daga wani tsohon kaset, an gutsuro baiti ɗaya ana ta juya shi a kan kiɗan kwamfuta. Wai mako mai zuwa zai shiga situdiyo ya rera ta gaba ɗaya, ya cire sunan wanda aka yi wa ita, ya sa na wani mai neman kujera da ya ɗauki nauyin aikin. Na ce ya san wanda aka yi wa waƙar? Bai sani ba. Na tambaye shi ma'anar wata kalma a baitin. Ya ce, "Baffa, ai yanzu sauti ake bi." Na buɗe baki zan yi masa faɗa, maganar ta maƙale, don abin da yake shirin yi ni na riga shi.

Mahaifinmu makaɗin kukuma ne a ƙasar Zazzau. Sunansa bai kai inda na Garba Supa ko Hassan Wayam ya kai ba, amma a yankinmu biki bai cika ba in bai je ba. Yana da 'yan amshi uku da mai kalangu, shi ma a hannun mahaifinsa ya tashi ya ga sana'ar. Ni ne babba, ni aka sa boko, kuma a can na fara jin ana ce min ɗan maroƙi. Zamanin mulkin Shagari na gudu Jos, na shiga wata ƙungiya mai kiɗa a otal, na koyi jita. Shugabanmu yana da fayafayen Muddy Waters da B.B. King, kiɗan baƙar fatar Amurka da suke kira bulus. Sai in kwana ina ɗaga allurar garmaho ina mayarwa, har sai yatsana ya lanƙwasa tsirkiya daidai yadda nasu ya yi. Shekara bakwai na yi ina rera waƙoƙin da ko rabin maganarsu ban gane ba. A tsakanin nan sau uku Baba ya aiko in koma in zauna bayansa in riƙa amshi. Ban je ba.

Kada wani ya yi saurin yanke min hukunci. Kiɗan otal yana da albashi a ƙarshen wata, roƙo kuwa sai abin da Allah ya hore a filin biki. Da kuɗin jitar nan na biya wa ƙannena makaranta, har da uban wannan yaron. Wanda bai taɓa kai kuɗin gaisuwa aka dawo masa da su ba, don kawai an ji sana'ar gidansu, bai san abin da ya kore ni ba. Baba kuma mutum ne mai tsanani. Sai ka shekara goma kana amshi bai bar ka ka taɓa kukuma a gaban jama'a ba. A lokacin gani nake mugunta ce. Daga baya na ji cewa Musa Ɗankwairo ma, da duk girmansa, a bayan mahaifinsa da yayansa ya daɗe kafin ya ja ƙungiya. To amma yaro ɗan shekara ashirin da biyu, wa zai gaya masa haka ya ji? Ina faɗin wannan, ina kuma sane Jos zuwa gida ba ta fi tafiyar yini ba. Ko hutun sati biyu da na riƙa zuwa da rikoda, da yau ba na wannan rubutu.

Da Allah ya yi masa rasuwa na koma, na tarar da kukumar a rataye, fatar guzan ta tsage, izgar ta zube. Waƙoƙinsa sun fi arba'in, tara kawai muka samu a kaset. A cikin taran akwai wadda ya yi wa wani manomi da ya buɗe rumbunsa ya ciyar da unguwa lokacin farin 1973. Da siyasa ta dawo a 1999, kiɗan fiyano yana tashe, na ɗauki wannan waƙar na ɗora ta a kan fiyano, na zare sunan manomin na cusa na wani ɗan takara. Aka ba ni babur. Na gaya wa kaina ina raya sunan Baba ne, kuma har ga Allah wani ɓangare na zuciyata ya yarda da hakan, don mutanen da ba su taɓa jin sa ba sun ji waƙarsa a bakina.

A wani biki wani mutum ya jira na sauko, ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce shi ɗan manomin ne. Ya ce gonar an raba, rumbun ya rushe, waƙar nan ce kaɗai ta rage musu da ake ambaton mahaifinsu a ciki. Bai zage ni ba, ya juya ya tafi. Sannan tsohon ɗan amshin Baba ya kira ni ya ce na yar da wurin da murya ke yin shiru kukuma ta faɗi taken mutumin da kanta, wai nan ne cibiyar waƙar. Ni ban ma san akwai wurin ba, na ɗauka hutawa Baba yake yi.

Abin da ya ƙara min ciwo shi ne jin Ali Farka Ture na Mali. Turawa suka yi ta kiransa mai bulus ɗin Afirka, shi kuwa da kayan kiɗa masu tsirkiya ɗaya ya fara, har da njarka, wadda ba ta da maraba da kukumarmu. Bai so ɗansa Vieux ya yi kiɗa ba, soja ya so ya zama, sai da Tumani Jabate, makaɗin kora, wani kayan kiɗa mai tsirkiya da yawa, ya sa baki. Ali ya rasu a 2006, ɗan bai fitar da kundin da ya tattara waƙoƙin uban ba sai 2022, tare da wata ƙungiya daga Texas, kuma sunan uban ya sa wa kundin. Big Bill Morganfield, ɗan Muddy Waters, bai ma tashi a gaban mahaifinsa ba. Sai bayan rasuwar uban a 1983 ya riƙe jita da gaske, ya yi shekaru yana koyo kafin ya fito. Ashe nisan da nake fakewa da shi ba hujja ba ce. Gaggawa ce da kwaɗayi.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma, ku 'ya'yan gidan kiɗa, amma abin da nake da shi bai kai haka ba. In akwai tsoho da ya rage a gidanku, ku je yau ku ajiye masa wayar nan a gaba ya yi ta rerawa. Muryar Muddy Waters ta farko da duniya ke ji, wani mai bincike ne, Alan Lomax, ya bi shi har gonar auduga a Misisifi a 1941 ya naɗa da na'ura mai nauyin gaske. Ku taku tana aljihu, amma ba ta da aiki sai ɗaukar fuskarku kuna murguɗa baki na daƙiƙa talatin. Waƙar minti ashirin ba za ku iya zama ku ji ta ƙare ba, sannan ku ce ku ne magada!

Ku faɗi mai waƙa kafin ku rera, ku nemi izinin gida, kuma sunan da ke ciki ku bar shi inda yake. Mai son a wasa shi ya biya a yi masa tasa. Kada ku kwaikwayi muryar mamaci, ba za ku kai ba, ku rera da taku, ku sa fiyanon in kuna so, don waƙar da aka rataye tsagewa take yi kamar fatar kukumar Baba. A'a, ku dakata. Kada ku canza ko gaɓa ɗaya sai kun iya ta yadda ya bar ta, ko da za ta ci muku shekara biyar. Na san maganganun nan biyu suna karo da juna, ni ma har yau ban raba su ba.

Tsohon ɗan amshin nan yana nan da rai, idonsa ya tafi amma kansa garau. Na gaya wa yaron ranar Juma'a bayan masallaci za mu je wurinsa. Ya ce ai ya riga ya biya kuɗin situdiyo na ranar. Na ce zan mayar masa da kuɗinsa. Na sa an sake wa kukumar fata, na sayo izga da ƙaro, tana nan jingine a ɗakina. Har yanzu bai kira ni ya ce zai zo ba.