Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Karɓar Wuridi da Zaman Zawiyya

A makon jiya mun tsaya a ƙofar zawiyya, wurin da 'yan ɗariƙar Tijjaniyya suke taruwa don zikiri. Yau zan ajiye labarina gefe guda, domin abin da mai shiga zai tarar a ciki ya fi buƙatar bayani. Mutane da yawa suna zuwa ɗariƙar Tijjaniyya neman sanyin zuciya, ba su san nauyin da za su ɗauka ba.

Ba a ɗaukar wuridi, wato zikirin da ɗan ɗariƙa yake lizimta kullum, daga littafi ko daga waya. Wurin muƙaddami ake zuwa, wato malamin da yake da izinin ba da wuridi, wanda silsilar izininsa ta kai ga Shehu Ahmadu Tijjani, haifaffen Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, wanda ya rasu a Fas a 1815. Muƙaddamin kirki ba ya gaggawa. Zai zaunar da kai ya karanta maka sharuɗɗa: ba za ka haɗa da wuridin wata ɗariƙa ba, ba za ka ziyarci wasu waliyyai don neman madadi (taimakon ruhi) ba, kuma ba za ka bari ba har mutuwa. Sai kiyaye salloli biyar cikin jam'i da biyayya ga iyaye. In ya ce maka "ɗana, je ka yi tunani ka dawo," ka gode masa.

Abin da za a fara ɗora maka shi ne lazimi, safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, a jere haka, a asirce, da alwala, ana fuskantar alƙibla. Na safe daga bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, mai uzuri yana da dama har faɗuwar rana. Na yamma daga bayan la'asar zuwa isha'i, mai uzuri har ketowar alfijir. Wanda ya kuɓuce sai an rama shi, in ban da mara lafiya da mai haila, waɗanda aka ba su zaɓi.

A nan sabon shiga yake tuntuɓe. Carbinsa mai ƙwaya 99 ne, yana ja yana zaton ɗari ya cika, alhali kullum da giɓin ɗaya. A nemi mai ɗari, a ƙirga shi da hannu tun ranar farko. In kuma hankali ya tafi kasuwa ka rasa ko kana kan sittin ko saba'in, ka yi gini a kan ƙarami, bayan ka idar ka kawo istigfari 100 da niyyar gyara. Sai matsalar gudu. Wanda yake gama lazimi cikin minti huɗu haruffa yake haɗiyewa, shi ya sa yake cewa bai ji komai ba. Kamar kwata na awa ya kamata ya ci, harshe yana furtawa kunne yana ji.

Wazifa ita ce ta jama'a, sau ɗaya a yini ta wadatar, a yawancin zawiyoyi bayan magariba. Ana shimfiɗa farin ƙyalle mai tsarki a tsakiya, 'yan'uwa su kewaye shi gwiwa da gwiwa, tela kusa da malamin makaranta, ɗan kasuwa kusa da almajiri. Istigfari mai tsawo 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Jauhara, wadda ita ma salatin Annabi ce, tana da nata sharaɗi: alwalar ruwa da wuri mai tsarki. Mai taimama sai ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. Wanda ya zo a makare ya shiga inda ya tarar, ya cike abin da ya wuce shi bayan an shafa.

Ku lura da abin da murya take yi a wannan da'ira. Da farko kowa da nasa numfashi, wani na gaba wani na baya. Kafin a kai rabin hailala sai ka ji sautin ya zama ɗaya, kafaɗu sun sauka, mai tari ma ya yi shiru. Wanda ya ɗaga murya sama da ta jama'a yana ɓata wannan, dattijon da ke gefensa zai dafa masa gwiwa. A ganina rabin maganin yana nan, ɗaya rabin kuma yana bayan fatiha, lokacin da ake gaisawa ana tambayar wanda ba a gani ba kwana biyu, a tashi mutum biyu su leƙa gidansa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ana zikirin hailala har rana ta faɗi. Shi ba a rama shi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙari a kan abin da aka ɗora musu. Mutum bai cika wata uku ba ya ji labarin tarbiyya, wato horon ruhi na musamman a hannun shehi, wadda ta yaɗu a ƙasar Hausa ta hannun Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha bayan haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937, sai ya ce shi ma yanzu yake so. Ya samo sunayen zikiri da adadinsu a takarda, ya kulle kansa a ɗaki, ya rage ci, ya daina barci. Kwanaki kaɗan na rashin barci sun isa su birkita lafiyayye, balle mai rauni tun asali. Tarbiyya da halwa sai da shehin da yake ganin muridi kullum, yana tambayarsa me ya ci, awa nawa ya kwanta. Wanda kuma yake shan maganin ƙwaƙwalwa ko na farfaɗiya kada ya ajiye shi don ya karɓi wuridi. Ya gaya wa muƙaddami tun farko, ya tsaya kan lazimi da wazifa kawai. In aka ga ɗan'uwa ya kwana uku ido biyu, yana surutu ba tsayawa ko yana jin muryoyi, a kai shi wurin likita a ranar, carbinsa na aljihu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga ɓangaren mata, da yadda uwar goyo take tsara laziminta.